Wa Ya Rubuta Dokar Wasan? Fashin Baƙi Kan Wasannin Yaƙi da Tarihi na Kwamfuta

Ran wata Asabar da la'asar na shiga gidan yayata, na tarar da ɗanta da ke aji biyu na ƙaramar sakandare ya duƙufa a kan kwamfutar babansa, ko sallamata bai amsa ba sai da uwar ta yi masa magana. Da na leƙa, sai na ga gari na jar ƙasa, shanu na kiwo a gefe, ga wasu mahaya an lulluɓe dawakinsu tun daga wuya har gwiwa suna shirin fita. Ya danna ɗaya daga cikinsu, sai na ji mahayin ya amsa da Hausa. Yaron ya juyo ya ce, "Kawu, mene ne lifidi?"

A Kano aka haifi yaron nan. Ya sha kallon Hawan Daushe a kan kafaɗar ubansa, 'yan lifida sun wuce ta gabansa ba sau ɗaya ba, amma sunan bai taɓa zama a kunnensa ba sai da wani kamfanin ƙasar waje ya sa shi cikin wasa. Wasan shi ne Age of Empires III, wanda a watan Agusta na 2021 aka yi masa ƙari mai suna The African Royals, aka shigar da Hausawa da Habashawa cikin al'ummomin da mutum zai iya ɗauka. Na yi masa bayanin cewa lifidi riga ce mai kauri da ake cusa wa auduga, a sa wa doki da mahayinsa don kada kibiya ta huda, kuma tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Kanajeji aka shigo da shi tare da sulke da kwalkwali. Ya ji daɗi, ni ma na ji daɗi. Can sai ya ƙara da cewa, "Ai Amina ce sarauniyar Kano." Ba laifinsa ba ne. Wasan ya ɗora Amina ta Zazzau a matsayin shugabar Hausawa, ya kuma mai da Kano babban birninsu, yaro ya haɗa biyun.

Cikin minti biyar wasa ɗaya ya ba shi kalma ta gaskiya da labari na kuskure, kuma da murya ɗaya ya faɗa masa duka. Kuskuren suna irin wannan bai dame ni sosai ba, don a zama ɗaya na gyara masa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne darasin da babu wanda ya furta, wanda ke kwance cikin dokokin wasan, yaro yana haɗiye shi kullum ba tare da ya san an ba shi komai ba.

Matasanmu dai duk gem suke ce musu, amma ba iri ɗaya ba ne. Ba ina maganar wanda ake riƙe bindiga ana harbi da saurin yatsa ba. Ina maganar wanda kai ne sarki ko sarkin yaƙi, kana kallon ƙasa daga sama, kana raba dukiya tsakanin noma da gini da runduna. Wasu bi-da-bi ake yin su, ka taka abokin karawarka ya taka, kamar Civilization da Sid Meier ya fitar a 1991. Wasu babu jira, kowa na motsi lokaci guda, kamar Age of Empires da ya fara fitowa a 1997. Akwai na kamfanin Paradox da ke Suwidin, masu shimfiɗa maka taswirar duniya su ce ɗauki ƙasa ka riƙe ta shekaru ɗaruruwa. Sai kuma masu kwatanta zahiri, waɗanda ke sa ka cikin jirgin sama ko tankar yaƙi da dukan maɓallanta. A ƙarƙashin hotunan duka lissafi ne. Wani ne ya zauna ya rubuta cewa mahayi ya fi maharbi ƙarfi kaza a fili, haraji in ya wuce kaza talakawa za su yi bore, kuma wanda ya cimma kaza shi ne ya ci wasa.

Mu ma muna da wasan dabara. Dattawa na tona gurbi talatin a ƙasa ƙarƙashin bishiya, wannan ya ɗebi tsinke goma sha biyu, wancan ya ɗebi tsakuwa goma sha biyu, wanda ya jera uku ya ci ɗan abokinsa. Sai dai dara ba ta taɓa cewa haka duniya take ba. Su waɗannan wasannin suna faɗa, domin sun ari sunayen garuruwa na gaske da sarakuna na gaske.

Tushensu ma ba a shagon wasa yake ba, a barikin soja yake. A 1812 wani bafaden Furusiya, daular da ta zama ƙashin bayan Jamus, mai suna Reisswitz, ya kai wa sarkinsu wani teburi da aka tsara don kwatanta filin daga. Ɗansa, wanda hafsan igwa ne, ya gyara shi a 1824, ya mai da shi kan taswirar ƙasa ta gaske, ya yanka ƙananan tubala ja da shuɗi a madadin rundunoni. Sunan wasan Kriegsspiel, wato wasan yaƙi da Jamusanci. Hikimar da ke cikinsa ita ce alƙali. Ɓangarorin biyu ba sa taɓa tubalan da kansu, kowa rubuta umarni yake ya miƙa, alƙali ya auna nisan da dakaru za su iya ci cikin minti biyu, ya jefa dayis irin na lido don a ba sa'a nata rabon, sannan ya gaya wa kowane ɓangare iyakar abin da idon 'yan leƙen asirinsa zai iya gani. Sauran taswirar duhu ce a gare ka. Umarninka na iya makara a hanya, rundunar da kake taƙama da ita na iya tarwatsewa tun kafin labari ya iso ka. Shugaban hafsoshin Furusiya na lokacin, Janar Müffling, da ya ga an gwada, sai ya ce wannan ai horon yaƙi ne, ya ba da shawara a raba wa rundunoni. Bayan da Furusiya ta murƙushe Faransa a yaƙin 1870 zuwa 1871, sauran ƙasashe suka yi ta kwafa.

Wannan rashin ganin abin da ke gabanka, wanda masu wasa ke kira hazon yaƙi, har yau yana nan. Duk yaron da ya fara Age of Empires yana farawa ne cikin baƙar taswira, sai ya aika mahayi ya zagaya sannan ƙasa ta buɗe. Mu da muka san hazon hunturu, ranar da ba ka hango bishiyar ƙofar gida, ba ma buƙatar dogon bayani.

Kuma abin ya yi aiki a zahiri. A farkon 1942, lokacin da jiragen ƙarƙashin teku na Jamus ke nutsar da jiragen da ke kai wa Ingila abinci da mai, an buɗe wani sashe a birnin Liverpool ƙarƙashin Kyaftin Gilbert Roberts. Yawancin ma'aikatansa 'yan mata ne na rundunar ruwa, wasu ba su kai shekara ashirin ba. Da alli suke zana teku a daɓen ɗaki, su tsayar da kwamandoji a bayan labule mai 'yar kafa, yadda ba za su ga fiye da abin da za su gani daga jirginsu ba. Ta haka suka gano cewa Jamusawa na sulalowa ne cikin dare su shige tsakiyar ayarin su yi harbi daga ciki, suka tsara dabarar kama su. Kafin yaƙin ya ƙare hafsoshi kusan 5,000 sun bi ta ɗakin nan. A Amurka ma, Admiral Chester Nimitz ya faɗa a 1960 cewa an riga an buga yaƙi da Japan sau da dama a ɗakunan kwalejin sojan ruwa da ke Newport, har babu abin da ya zo musu ba-zata sai matuƙan da ke faɗowa da jiragensu kan jiragen ruwa.

To amma alƙalin nan mutum ne, dokar ma mutum ya rubuta ta. A watan Mayu na 1942 hafsoshin Japan sun buga nasu wasan kafin su kai hari tsibirin Midway. Kamar yadda waɗanda suka halarta suka ba da labari daga baya, lissafi ya nuna bama-bamai tara sun samu manyan jiragensu masu dakon jiragen sama, biyu sun nutse. Admiral Ugaki da ke shugabantar zaman ya rage bama-baman zuwa uku, sai ya zama jirgi ɗaya ne ya nutse, daga bisani ma aka tayar da shi aka ci gaba da shi. Bayan wata ɗaya, a tekun gaske, irin waɗannan jiragen guda huɗu Japan ta rasa. Shekara sittin bayan haka Amurka ta kashe kimanin dala miliyan 250 a wani atisaye mai suna Millennium Challenge 2002. An ba wani janar mai ritaya, Paul Van Riper, ɓangaren abokan gaba. Shi kuwa ya san yaƙi ɗan zamba ne. Ya ƙi amfani da rediyo don kada a saurare shi, ya riƙa aika saƙo ta masu babur, ya yi ruwan makamai masu linzami haɗe da ƙananan kwale-kwale, cikin ɗan lokaci lissafin kwamfuta ya nuna jiragen ruwan yaƙi 16 sun nutse. Sai aka tsayar da wasa, aka dawo da jiragen, aka shimfiɗa masa sharuɗɗan abin da zai yi da wanda ba zai yi ba. Ya ajiye jagorancin cikin fushi. Waɗanda suka shirya atisayen na da hujjarsu, sun ce ba za a sallami dubban sojoji gida a rana ta biyu ba. Duk da haka abin da ya faru ya nuna cewa wasa na amsa tambayar da mai shi ya yarda a yi ne kawai.

Idan janar-janar na iya ruɗin kansu da dokar da suka rubuta da hannunsu, ina ga yaro ɗan shekara goma sha uku da bai ma san akwai wanda ya rubuta ba?

Tsakanin soja da 'yan kasuwar wasa kuwa ƙofa a buɗe take, ana shiga ana fita. Ranar 4 ga Yuli 2002 rundunar sojan Amurka ta saki America's Army kyauta, da kuɗin gwamnati, kuma ba ta ɓoye cewa neman matasan da za su shiga soja take ba. Ta riƙe shi har 2022. A cikinsa akwai wata doka da ta fi kowane talla tasiri: ɓangarori biyu ne ke fafatawa, amma kowane ɗan wasa yana ganin kansa sojan Amurka, ɗaya ɓangaren yake gani a matsayin 'yan ta'adda. Babu wanda zai taɓa ganin kansa yana harbin Ba'amurke. A Jamhuriyar Cek kuma, injin da kamfanin Bohemia Interactive ya gina wasanninsa da shi ne ya haifar da VBS, manhajar da sojojin Amurka da Birtaniya da wasu ƙasashe ke horo da ita. Ɗan'uwan VBS na kasuwa, wasan Arma, ya yi kama da gaske har ya zama fitina. A 2011 tashar ITV ta Birtaniya ta sa wani yanki na Arma 2 cikin shirinta a matsayin hoton harin gaske. Da yaƙin Yukren ya ɓarke a 2022, da na Gaza a 2023, an yi ta yaɗa bidiyon Arma 3 ana cewa daga fagen daga ne. Ni kaina an turo mini irinsa a zauren WhatsApp na dangi, jirgi na cin wuta cikin dare, ana ta kabbara a ƙarƙashinsa. Kamfanin da kansa ya fitar da alamomin ganewa: hoton kan zo dishi-dishi, yawanci da dare, kyamara na rawa fiye da kima, kuma da wuya ka ga mutum yana tafiya, don tafiyar mutum ce ta fi wuyar kwaikwayo.

Duk da wannan, ba na cikin masu cewa a raba yara da su, domin na san abin da suka koya mini wanda littafi bai iya ba. Littafin tarihi na ba ka abin da ya faru a jere, kamar dama can dole haka zai faru. Wasa kuwa yana zaunar da kai a kujerar mai yanke shawara, ba ka san gobe ba. Na taɓa ɗaukar Daular Sakkwato a Victoria 3, wanda ke farawa a 1836, shekara guda kafin rasuwar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Na shiga da tambayar da kowane ɗan makaranta ke yi: me ya hana magabatanmu ƙera bindigogi su tari Turawa? Kafin dare ya raba na gane nauyin tambayar. Masana'antar bindiga na son ƙarfe, haƙar ƙarfe na son kayan aiki, kayan aiki na son ma'aikata masu ilmin sana'ar, su kuma sai an janye su daga gona, gonar da ita ke ciyar da kowa. Ka ƙara haraji, jama'a su harzuƙa. Ka taɓa wata doka, manyan masu ƙasa su juya maka baya. Kana cikin wannan sai ka ga launin Ingila da na Faransa na tasowa daga bakin teku. Lokacin da na koma na karanta yadda sojojin da ba su kai dubu ɗaya ba, mafi yawansu baƙar fata, suka fasa ganuwar Kano da igwa da bindiga mai ruwa a Fabrairun 1903, suka isa Sakkwato a Maris, har aka kai ga Burmi a Yuli, sai na karanta da wani ido daban. Na daina ganin abin a matsayin sakacin mutum ɗaya ko rashin jarumta.

Wannan ita ce ribarsu ta gaske. Suna koya wa mutum cewa runduna da ciki take tafiya, cewa nisa abokin gaba ne, cewa duk abin da ka zuba a nan ka hana can. Yaron da ya taɓa rasa runduna saboda guzuri ya yanke zai fahimci dalilin da ya sa a ƙasar Hausa da rani ake fita yaƙi, bayan an kai amfanin gona rumbu, da dalilin da ya sa barade ba sa nisa cikin dazukan kudu inda ƙudan tsando ke kashe doki.

Sai dai ka dubi abin da dokokin ke cewa a kan wanda ya isa. A Civilization kowace al'umma kan tsani ɗaya take hawa, daga tukwane zuwa rubutu zuwa bindiga zuwa kumbon sama jannati, kuma matakan tsanin nan an ɗebo yawancinsu ne daga tarihin Turai. Wanda ya zauna lafiya da maƙwabta, ya wadatu da abin da yake da shi, a idon wasan ya makara. A Europa Universalis IV, wanda ke farawa ranar 11 ga Nuwamba 1444 ya ƙare a 1821, za ka iya ɗaukar Kano ko Katsina ko Zazzau, kuma Katsina na cikin cibiyoyin ciniki na taswirar, abin da ya dace da tarihinta. Amma an tsara kasuwancin duniya kamar kogi mai gangara hanya ɗaya, ba ya juyawa, kuma matattararsa uku duk a Turai suke: Venice, Genoa da mashigin ruwan Ingila. Tun kafin ka taka taku ɗaya an riga an yanke inda arzikin duniya zai kwanta. A Victoria II na 2010, Sakkwato da Sin da Japan duk suna cikin rukunin da wasan ya kira marasa wayewa, kuma hanyar fita ɗaya ce, ka zama kamar Turawa. A gaskiya masu yin wasannin sun ji suka, sun yi gyara. A 2016 sun cire tsarin zama Bature daga Europa Universalis IV, a Victoria 3 kuma suka sauya sunan rukunin zuwa ƙasashen da manyan dauloli ba su amince da su ba, wanda ya fi kusa da gaskiyar abin da ya faru. Gyaran da kansa shaida ne cewa dokar farko ra'ayin wani ce.

Shigarmu cikin wasannin nan abin farin ciki ne, ba na ragewa. A Crusader Kings III na 2020 akwai Daurama ta Daura da Bayajidda. A Civilization VII da ya fito a Fabrairun 2025 Amina na cikin shugabanni, an ba ta ƙarfi a harkar dukiya da yaƙi a fili da hamada. Ɗan Brazil ko ɗan Koriya da bai taɓa jin sunan Zazzau ba yanzu ya ji. Amma kwamfuta ba ta iya cewa "an ce". Labarin Daurama da rijiyar Kusugu labarin baka ne, masana na ta muhawara a kan ma'anarsa da zamaninsa, wasan kuwa dole ya sa lamba, sai ya ajiye ta a shekarar 867, ya ba ta shekarun haihuwa da halaye, kamar an samo su a rubuce. Amina kuma ta shigo babu ƙasarta, domin a cikin al'ummomin da wasan ya fito da su babu Hausa, sai dai ta jagoranci Aksum ko Songhai ko ma Rum. Ko a wasan da ɗan yayata ke bugawa, makaɗin da ke zuga mayaƙa sunansa Griot, kalmar da ta bi ta Faransanci, alhali muna da maroƙi da sankira da makaɗin yaƙi.

Akwai kuma abin da lissafin ba ya iya kamawa. A Yunin 1804, a Tabkin Kwatto, Sarkin Gobir Yunfa ya zo da barade da 'yan lifida da taimakon Buzaye. Jama'ar Shehu, ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo, mafi yawansu maharba ne a ƙasa, dawakinsu 'yan kaɗan. In ka zuba waɗannan alƙaluma cikin yawancin wasannin nan, Gobir za su ba nasara. Ba haka aka yi ba. Wasanni na da wata lamba da suke kira ƙarfin zuciyar runduna, amma mutanen da suka yi hijira suka bar gidajensu saboda abin da suka yi imani da shi sun fi ƙarfin lamba ɗaya da ke hawa tana sauka.

Mafi nauyi a wurina shi ne abin da aka share gaba ɗaya. Daga sama ake kallon yaƙi a wasannin nan, daga inda ba a jin kuka. Gari ya faɗi, launinsa ya sauya a taswira, yawan jama'a ya ragu da kaza, ka wuce. Hearts of Iron IV na 2016 ya ƙididdige Yaƙin Duniya na Biyu har zuwa yawan ƙarfen da tanka ke ci, amma kisan ƙare-dangin da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa miliyan shida ba ya cikin tsarin wasan. Mutum zai iya riƙe Jamus daga 1936 har ƙarshe bai gamu da shi ba. Mu da muka ga sansanonin gudun hijira a Maiduguri da Diffa, muka ga ƙauyukan Zamfara da aka tasa, mun san wa ke biyan kuɗin wannan sauyin launi. Shi ya sa nake girmama This War of Mine, wanda wani kamfanin Poland ya fitar a 2014 bisa abin da mutanen Sarajevo, babban birnin Bosniya, suka gani a ƙawanyar 1992 zuwa 1996. A cikinsa ba ka da runduna. Farar hula ne kai a rusasshen gida, kana neman magani da abin ci cikin dare, wata rana zaɓin da ke gabanka shi ne ka sace wa tsofaffi biyu abincinsu ko naka su kwana da yunwa, kuma in ka sata, mutanenka na shiga ƙunci har su kasa aiki. Gwamnatin Poland ta sa shi cikin jerin abubuwan da ɗaliban sakandare za su iya nazarta. Su ma masu Arma 3 sun haɗa kai da ƙungiyar Red Cross ta duniya a 2017 suka yi ƙari a kan dokokin yaƙi, inda kake bin sawun nakiyoyin da aka bari a gari bayan an daina harbi.

Batun makaranta kuwa tsoho ne. A Disambar 1971 wasu ɗaliban koyon malanta uku a jihar Minnesota ta Amurka suka rubuta The Oregon Trail don ajin tarihi, a na'urar da ko allo ba ta da shi, takarda take bugowa. Kai ne madugun iyali a 1847, za ka ratsa kimanin mil 2,000 da keken shanu, ka sayi guzuri, ka ƙetare koguna, cuta ta ɗauki wanda za ta ɗauka. Yaran Amurka na zuriya guda sun tashi da shi, sun san wahalar hanyar kamar sun bi ta. Amma daga kujerar baƙin da suka zo cin ƙasa aka ba da labarin, 'yan asalin ƙasar da aka ƙwace wa filaye suna gefen hanya ne kawai. Sai a sabon fitowar 2021 aka gayyato masana tarihi daga cikinsu suka sa hannu. Shekara hamsin ke nan ana koyar da rabin labari da kyakkyawar niyya.

Abin da na fahimta shi ne, wasa shi kaɗai ba malami ba ne. Tun a Furusiya, ba jefa dayis ne ke horar da hafsa ba, zaman da ake yi bayan an tashi ne, inda alƙali ke buɗe taswira duka ya ce ga inda ka yi zato, ga abin da ke wurin a zahiri. Wannan zaman ne yaranmu ba su da shi. A Najeriya an cire darasin tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare sama da shekara goma kafin a dawo da shi, don haka akwai matasa da yawa da wasa ne ya fara gaya musu sunan Mansa Musa ko Askiya, babu kuma wanda zai ce musu nan daidai ne, nan ƙari ne. Ga shi manyan wasannin na son kwamfuta mai ƙarfi da wuta tsayayya. Abin da ya fi isa hannun yaranmu shi ne na waya, masu sanye da rigar tarihi amma dokarsu ɗaya ce, wanda ya fi zuba kuɗi shi ke cin yaƙi. Akwai na kyauta masu kyau, irin su Freeciv da 0 A.D., waɗanda masu sa kai suka gina, kuma ba sa buƙatar babbar na'ura.

Malami ma ba sai ya jira kwamfuta ba, tunda da alli aka yi a Liverpool. A zana hanyar fatake daga Kano zuwa Gwanja a daɓen aji. Wannan ya zama madugu, wancan jagaba, wancan uban dawaki. A ba su jakuna kaza da kanwa da tufafi da wuri, su yanke shawarar zangon da za su kwana, nawa za su biya kuɗin fito a bakin Kwara, ko su bi gajeriyar hanya mai 'yan fashi ko doguwa mai cin guzuri, goro kuma in an yi jinkiri ya lalace a hanyar dawowa. Malam ne alƙali, shi ke riƙe da abin da ba su gani ba. Daga nan sai a ba yaran alli su rubuta dokar da kansu, su yi gardama a kan nawa jaki zai ɗauka da abin da za a kira riba. Yaron da ya taɓa rubuta doka ɗaya da hannunsa, in ya koma gaban kwamfuta zai fara tambayar wa ya rubuta wannan.

Da Sallah ta zagayo na ɗauki ɗan yayata muka tafi Ƙofar Kudu tun da wuri don mu samu wurin tsayawa. Da 'yan lifida suka doso, dawakin na tafiya da ƙyar saboda nauyi, gumi na tsiyaya daga ƙarƙashin kwalkwalin mahayan, ya daɗe yana kallo bai ce komai ba. Can ya ja hannun rigata ya ce, "Kawu, a gem fa ba sa gajiya. Wannan in ya yi gudu daga nan zuwa Ƙofar Mata ai faɗuwa zai yi." Na ce masa haka ne, shi ya sa ba su ake sa wa bin abokan gaba ba, akwai barade marasa nauyi don wannan. Ya ce to wa ke ɗaukar musu ruwa, dokin kuma wa ke yanko masa ciyawa in an yi sansani. Muna tafe gida yana ta lissafa yawan mutanen da mahayi ɗaya ke buƙata a bayansa, har muka iso bai gama ba.